Kafin a Sayar da Gonar Baba, a Tambaye Shi

A garuruwanmu, duk ranar da likita ya tabbatar dattijon gida na ɗauke da ciwon daji, kuma ciwon ya riga ya yi nisa, taro biyu ake yi. Na farko a barandar asibiti, inda likita zai ja babban ɗa gefe ya sassauta murya. Na biyu a zaure bayan sallar isha'i, inda 'ya'ya da baffanni za su zauna lissafin abin da za a ɗaga a sayar. A duka biyun mutum ɗaya ne ba a kira, shi ne mai ciwon. Shi sai a ce masa gyambon ciki ne, ko basir ne ya yi masa yawa, ko kuma "likita ya ce jininka ne ya yi ƙasa, Baba, da an ƙara maka shi ke nan." Washegari a nemo dillali.

Na san ƙauna ce ke sa a yi haka, ba mugunta ba. Duk da haka ina ganin kuskure ne babba, kuma yana cin gidaje da yawa a Gombe da kewaye ba tare da an yi maganarsa a fili ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in shi ke yanke shawarar komai a gidansa, daga buhun masarar da za a farke har mijin da za a ba 'yarsa, rana ɗaya an mayar da shi yaro. Ana magana a kansa da ƙifta ido, ana sayar da guminsa a bayan idonsa, don a yi masa maganin ciwon da ko sunansa ba a gaya masa ba.

A duba ko wane ne wannan uban. Yawanci ba ma'aikacin gwamnati ba ne mai jiran fansho. Ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, ko direban da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanyar Gombe zuwa Kano, ko tela, ko birkila, ko manomin masara da wake a wajen Kumo ko Dukku. Ranar da ya kasa fita, ranar kuɗin cefane ya tsaya. Ajiyarsa ba a banki take ba. Gona ce, da shanun huɗa, da fulotin da ya saya a bayan gari yana cewa na yara ne, da 'yan buhunan da ya ɓoye yana jiran su yi daraja da damina. Idan daji ya shiga irin wannan gida, mai nema ya kwanta ke nan a daidai lokacin da kashe kuɗi ya ninka.

Kuma irin waɗannan mutane su ne ba sa zuwa asibiti da wuri. Namiji ne, ya saba da cewa jiki da jini. Fitsari ya fara yi masa gardama cikin dare, ya ce sanyi ne. Ya ga jini a bayan gida, ya ce basir ne, ga mai magani nan da lasifika a bakin tasha. Ido ya yi rawaya, ciki ya fara kumbura, a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a koma zancen sammu da jifa. Ga kuma tsohuwar maganar nan da ta halaka bayin Allah da yawa, wai daji ba ya son allura, wai da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutum asibiti bayan ciwon ya gama bazuwa, ya rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa allura laifi. Amma kada mu cika zargin jahilci. Mai fita neman na yau ya san wuni ɗaya a layin asibiti wuni ɗaya ne babu ciniki, ya kuma san gwaji ɗaya wani gwajin yake haifarwa. Sau da yawa lissafi ne ya zaunar da shi a gida.

Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna Najeriya na samun sabbin masu wannan ciwo kimanin 127,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa da shi. A tsakanin maza, wanda ya fi yawa shi ne wanda muke kira dajin mafitsara, wato mai kama 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Na hanji da na hanta ma suna sahun gaba. Na hantar yana da dangantaka mai ƙarfi da ciwon hanta nau'in B, wanda sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai a ƙasar nan, ka ga iyayenmu ba su same shi ba ke nan. Gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi ita ma tana taimaka masa, abin da ya kamata duk mai rumbu ya sani.

Sai batun kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a bakin tagar biya. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma gwamnatin tarayyar da ta sauki baƙin ba ta taɓa cika alkawarin ba. Daga tsakiyar 2023 abin ya ƙara ta'azzara. An cire tallafin mai, an saki naira, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 2024. Magungunan daji kuwa kusan duk daga waje ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne, ga wanda ma yake da albashin.

Wanda bai taɓa wannan jinya ba yana zaton kuɗin magani ne kawai. Ina! Akwai hoto iri-iri, akwai yankar tsoka a kai gwaji a zauna jiran sakamako. Akwai ƙarin jini, a bi 'yan uwa da abokai ana roƙo su zo a ɗiba. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa ta jijiya, yawanci duk mako uku ne, kuma kafin kowane zagaye sai an sake gwajin jini, bayansa kuma ga maganin amai, ga abinci na musamman ga mutumin da ko ƙamshin miya ba ya so. Idan likita ya ce sai an yi gashi, wato a ƙona ciwon da hasken na'ura, to shekara da shekaru mutumin Gombe ko Bauchi sai dai ya kama hanyar Zariya ko Abuja ko Sakkwato, ya je ya tarar da layi, wani lokaci ya tarar na'ura ta lalace. Gashin kuma ba na rana ɗaya ba ne, yakan ɗauki makonni. Mai jinya ya shimfiɗa tabarma a barandar asibitin garin da bai san kowa ba, shagonsa na can gida a kulle. Wannan asarar ba ta cikin rasit ko ɗaya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, mai sayar da hatsi, da dajin hanta ya kama. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, ba su taɓa nuna gajiya ba. Suka sayar da shanun, suka sayar da fulotin, daga baya aka ce akwai wata ƙwaya mai tsada da ake sha kullum, aka sayar da gonar don a riƙa sayenta. Shi kuwa an ce masa hanta ce ta ɗan kumbura. Na je dubiya wata la'asar na same shi a jingine da bango, ya rame har hularsa ta yi masa yawa, cikin nan kuwa ya yi tulu. A gefen filonsa akwai baƙar leda cike da rasit da fankon kwalayen magani, bai iya karanta su ba amma bai yarda a zubar ba. Da ɗakin ya rage daga ni sai ƙaninsa, sai ya ce, "Malam, yaran nan gani suke ban sani ba. Tun ranar da babban ya daina haɗa ido da ni na gane inda aka dosa. Ni ba komai, kowa da ranarsa. Ka dai taya ni tuna musu damina ta matso, a kai taki gonar nan da wuri, ita ce abincin ƙananan." Ni da ƙanin nasa muka dubi juna. An sayar da gonar tun kafin azumi.

Bayan rasuwarsa aka yi sanarwar da aka saba yi a wajen jana'iza, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalinsa. Suka zo kuwa, wasu da gaskiya, wasu Allah kaɗai ya sani, don cinikin hatsi da yawa a ka ake riƙe shi ba a takarda ba. Waɗanda shi yake bi bashi kuma suka yi gum. Da an zauna da shi wata biyu kafin nan, da biro da littafi, da ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ƙananan 'ya'yan amaryarsa biyu suna talla.

Ba cewa nake a daina yi wa tsofaffi magani ba, kada a juya mini magana. Abin da nake cewa shi ne "ya yi nisa" ba abu ɗaya ba ne, kuma ba kowace naira da aka kashe ke sayo abu iri ɗaya ba. Dajin mafitsara ko ya kai ga ƙashi, sau da yawa ana iya danne shi mutum ya yi shekaru yana harkokinsa, don ciwon da sinadarin mazakuta yake rayuwa, idan aka katse masa shi sai ya lafa. Dajin hanta da aka gano a makare kuwa yawanci gajeren zango ne, kuma magunguna masu tsadar da ake bayarwa, a gwaje-gwajen da aka yi, abin da suke ƙarawa a matsakaici 'yan watanni ne. Iyali na da haƙƙin su tambayi likita ƙarara: wannan maganin don a warke ne, ko don a ƙara lokaci, ko don a rage ciwo? Nawa zai ci daga farko har ƙarshe, ba zagayen farko kaɗai ba? Idan aka fara kuɗi ya yanke a tsakiya, me zai faru? Wannan ta ƙarshen ita ce ba a yi, ita ce kuma ta fi cutarwa. Gidaje da yawa suna yin zagaye biyu ko uku na kemo, kuɗi ya ƙare, a tsaya. An sha wahalar maganin, an rasa kadarar, ba a kuma sami amfanin ba, kamar mai ɗibar ruwa da kwando.

Ɗauki dajin mafitsaran nan ka ga yadda ɓoyewa ba ta da ma'ana. Hanya biyu ake bi a katse sinadarin. Ko a riƙa yin allura duk wata ko duk wata uku har iya rayuwa, da tsadarta, ko a yi ƙaramar tiyata sau ɗaya a cire 'ya'yan maraina, aikinsu kusan ɗaya ne. Ga talaka, tiyatar na iya zama bambanci tsakanin a riƙe gona da a sayar da ita. To wane ɗa ne zai yanke wa mahaifinsa wannan hukunci? Da wane baki? Wannan magana ce tsakanin dattijo da likitansa, wataƙila da amininsa ko ƙaninsa a gefe, ba kuwa za ta yiwu ba muddin ana ce masa sanyin mara ne.

Babbar hujjar masu ɓoyewa ita ce, "Idan aka gaya masa zai karaya, fargaba ce za ta kashe shi kafin ciwon." Ban raina wannan magana ba. Akwai likitan da zai jefo labari a tsaye, yana duba agogo, ya bar mutum da rawar jiki. Amma maganin mugun faɗi shi ne kyakkyawan faɗi. Ana zama ne, a fara da tambayarsa me shi yake gani game da jikinsa, a ji iya abin da yake son sani. Wani zai ce, "Ku gaya mini komai." Wani zai ce, "Ku yi magana da yarana, ni na bar wa Allah." Wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi, amma a bari ya fito daga bakinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa sanarwar za ta cutar da shi. Mu mun ɗauki togaciyar mun mayar da ita ƙa'ida. Kuma mu daina raina dattawanmu. Mutumin da ya binne iyayensa, ya binne wasu daga cikin 'ya'yansa, ya ga fari ya ga gobarar kasuwa, ba shi ne zai kasa ɗaukar labarin jikinsa ba. Sau da yawa mu ne ba za mu iya faɗa ba, sai mu ce shi ne ba zai iya ji ba.

Wasu kuma su ce ai likita ba ya sanin gaibu, ajali na Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Ba wanda ya ce likita ya ba da rana. Amma addinin da muke fakewa da shi ai shi ne ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya, ya tsananta a kan bashi, ya sa a biya shi kafin a raba gado. Kowa ya san labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ciwo ya tsananta masa a Makka ya nemi ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya nemi rabi aka hana, aka tsaya a sulusi, aka kuma gaya masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Maganar wasiyya ce ba ta kuɗin magani ba, ni kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne mara lafiyan ya san halin da yake ciki, shi ya yi tambaya a kan dukiyarsa da bakinsa, aka kuma sa makomar 'ya'yansa a ma'auni. Ya warke ma daga baya, ya yi shekaru masu yawa a duniya.

In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani kaso na kuɗin da ake kashewa a watannin ƙarshe ba don Baba ake kashe shi ba, don bakin mutane ne. Kada a ce 'ya'yan wane sun bar ubansu ya mutu suna riƙe da gona. Kada dangin uwa su ce an yi rowa. Kada ɗan wannan ɗaki ya fi ɗan wancan ɗaki. Ɗa ya kashe nasa a kan mahaifinsa, wannan lada ne da albarka, ba mai hana shi. Amma gonar nan ba ta babban ɗa ba ce, ba ta baffa ba ce. Ta mai ciwon ce yau, gobe kuma a cikinta akwai rabon matan da za su yi takaba da yaran da ba su gama firamare ba.

Matan nan kuwa ba a ganinsu a taron zaure. Su ne ke juya shi cikin dare, su zubar da jakar robar fitsari, su wanke zannuwa, su dama kunu sau uku ko zai kurɓi ɗaya. Ɗan kunnen Inna ne ke fara tafiya kasuwa, sai keken ɗinkin Adda, sai awakin Goggo, duk a shiru ba lissafi. Idan ana neman wanda zai ajiye karatu ya zauna jinya, 'ya mace ake kallo. Uwargidan da ta yi shekara talatin da mutum ta fi kowa sanin abin da zai so da wanda ba zai so ba, amma sai ta ji an sayar da fili a bakin yara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake sallamar mutum idan an kai maƙura. A ce, "Ku koma gida ku ci gaba da addu'a." Addu'a kam dole, amma a wannan matakin ne mara lafiya ya fi bukatar likita. Dajin da ya shiga ƙashi ciwo ne da ke sa namiji mai kunya ya yi ihu maƙwabta su ji. Akwai maganinsa. Morfin na sha yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana cikin mafi arha a duk harkar jinyar daji. Idan likita ne ya tsara shi, ana sha a kan lokaci, mutum yakan sami barci, ya yi sallarsa, ya yi hira da jikokinsa. Amma tun da bala'in tiramadol da kodin ya addabi matasanmu, har aka hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa ya tsorata da duk wani magani mai ƙarfi, iyali na tsoro, wasu ma'aikatan lafiya ma na tsoro. Sai ka ga gidan da ya kashe miliyoyi neman waraka, a makonnin ƙarshe farasitamol ake ba tsoho. Da ni za a tambaya inda jiha za ta fara sa kuɗi, sai in ce a nan: a horar da ma'aikatan jinya kan kula da irin waɗannan marasa lafiya a manyan asibitocin Kumo da Bajoga da Kaltungo da Dukku, a tabbatar maganin ciwo na nan a ƙarƙashin kulawa, a riƙa bin mutane gida ana duba su. Ba ya bukatar ginin biliyoyi, shi ya sa wataƙila ba ya burge 'yan siyasa, don babu kyallen da za a yanka.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A 2021 aka fara asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji, na nono da na bakin mahaifa da na mafitsara, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin asibitoci 6 da aka fara da su, shi ne na arewa maso gabas. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. A 2025 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya buɗe sabbin cibiyoyin jinyar daji a Katsina da Inugu da Benin. Gombe na da hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, Bauchi na da tata hukumar. Duk an ji. Amma je ka Tudun Hatsi ka tambayi masu auna masara ko sun taɓa jin labarin asusun nan. Tallafin da sai mai ɗan boko a gida ko mai hanya a asibiti ne zai san da shi bai kai ga waɗanda aka yi dominsu ba. A faɗe shi a rediyo da Hausa da Fulatanci, a faɗe shi bayan sallar Juma'a da cikin coci, a sa tebur a asibiti mai mutum a zaune da zai cika wa manomi takarda. Inshorar jihohi kuma galibi an gina ta ne a kan mai albashi da ake cirewa a wata, da cututtukan yau da kullum. Direba da manomi da ɗan kasuwa suna da ƙungiyoyinsu da ke karɓar kuɗi kullum a tasha da kasuwa. Me zai hana a bi ta nan, manomi kuma a karɓi nasa sau ɗaya da kaka lokacin da yake da shi a hannu?

Mu ma jama'a akwai namu. Mun iya dubiya, a cika ɗaki a yi ta "Allah ya sa kaffara ne," a tashi an bar masu gida da wankin kofuna. Mun iya zaman makoki, a kawo buhun shinkafa da katan na lemo ranar da mai bukatar ya riga ya tafi. Da rabin wannan ya zo wata uku kafin nan, da wata gonar ta tsira. Masu fitar da zakka su tuna wanda bashi ya yi wa katutu na cikin mutum takwas da aka ambata, kuma babu inda ya fi sashen masu ciwon daji tara su. Ba sai an jira an ɗauki hoton dattijo ba riga an watsa a Facebook da lambar asusu a ƙasa ba, abin da shi ma sau da yawa ba a nemi izininsa ba.

Saura tambaya ɗaya da na san za a yi mini. To idan an gaya wa Baba komai, ya ji maganin ba warkarwa zai yi ba, ya ji kuɗinsa, sannan ya ce shi dai a sayar da gonar a gwada, ko wata shida ne yana so, yana son ya ga auren autarsa? Sai a sayar. A kira matansa su ji daga bakinsa, a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, a nemi dillali mai tsoron Allah kada a karya farashi don an ga ana cikin matsi, a kai shi asibiti. Shi ya sare dajin wurin, shi ya yi shekaru yana kai mata taki a kan keke, ba kuma wanda ya isa ya ce masa wata shida na rayuwarsa bai kai kuɗin gona ba.